Wa Ya Aiko Ka?

A ƙasar Hausa, tun zamanin kakanni, in yaro ya yi sallama a ƙofar gida ya ce aiko shi aka yi, maigida ba ya fara tambayar abin da ya kawo. Sai ya amsa gaisuwa tukuna, ya sa a ba shi ruwa, sa'an nan ya ce, "Wa ya aiko ka?" In ya ji sunan mai aiken, daga nan ne zai san irin kunnen da zai saurara da shi. Saƙon dattijon kirki daban ya ke da saƙon wanda aka sani da shashanci, ko da kalmomin iri ɗaya ne. To, da wannan 'yar tambaya mu ke so mu auna baƙon abin nan da ya shigo mana, watau saƙon wayar hannu, wanda yau ya cika gidaje tun daga unguwar Gesse cikin Birnin Kebbi har Argungu da ƙauyukan da ke bakin gulbin Rima.

Ku da kuka gama ajin yaƙi da jahilci, ku wannan magana ta fi shafa. Da yawa daga cikinku abin da ya kai ku aji shi ne ku iya karanta saƙonku da kanku, ba sai kun miƙa wa ɗan maƙwabci waya ya ji asirinku ba. Kun kuwa sami biyan bukata. Amma a zaure da bakin kasuwa mutane sun rabu biyu bisa wannan al'amari. Waɗansu sun ce waya ta lalata tarbiyya, ta raba ɗa da uba. Waɗansu sun ce ai ci gaba ne, duk mai kushe ta bai waye ba. Dukansu sun yi saurin yanke hukunci. Aika saƙo wata sana'a ce ta magana, kamar waƙa, kamar huɗuba. Tana da ƙa'idodinta, ana iya yin ta da kyau, ana kuma iya ɓata ta. Wanda zai yi mata sharhi sai ya duba ta kamar yadda dillali ke duba saƙar zane, ya ga inda zare ya zauna da inda ya tsinke.

Saƙon baki

Mu fara da abin da muka gada. Ɗan aike na kirki ya san lokaci, ba ya faɗa wa mutum mugun labari yana tsakiyar cin abinci, ko a gaban baƙi. Ya san lafazi kuma. In rasuwa aka yi a Argungu aka aike shi Birnin Kebbi, ba zai tsaya bakin ƙofa ya ce wane ya mutu ba. Sai ya nemi wani babba a gidan ya keɓe da shi, ko kuwa ya ce jiki ya tsananta, ana neman ka gida, don zuciya ta shirya kafin a isa. Sa'an nan ya kan komo da amsa, har da wadda ba a faɗa da baki ba, ya ce, "Ya ce ya ji, amma na ga fuskarsa ba ta saki ba." Sabo da haka ne a ke da jakadu da jakadiyoyi a fada, ba kowa kuma a kan ba wannan aiki ba. Ko gayyatar suna da ta ɗaurin aure da goro a kan kai ta, hannu da hannu, don wanda aka gayyata ya san shi kansa aka tuna.

Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta gane wannan sarai. Da ta so ilmi ya kai ga matan ƙauye, sai ta zaɓi dattijan mata amintattu, waɗanda a ke kira jaji, ta ba kowacce malfa alamar muƙaminta. Su ke jagorar 'yan taru zuwa wurinta, su koyo waƙoƙin karatu, su koma gida su karantar. Duk macen da ta ji karatun nan a ƙauyensu ta san wadda ta kawo shi, ta kuma san daga hannun wa aka karɓo. In an sami kuskure akwai wadda za a tambaya.

Aibin saƙon baki kuwa ba ɓoyayye ba ne. Yana da nawa, ɗan aike ya kan manta, wani ma ya kan ƙara gishiri a hanya.

Saƙon takarda

Takarda ta yi maganin mantuwa da ƙari. Amma marubutan da sun lura takarda ba ta da fuska, sai suka yi mata ladabin da zai tsaya a maimakon fuska. Wasiƙa ta kan fara da ambaton hannun da ta fito da wanda za ta je wa, sa'an nan gaisuwa gwargwadon girman mutum, sa'an nan a ce "bayan haka" a shiga magana, a rufe da sallama. Takardun sarakuna da hatimi su ke tafiya, a hannun manzo sananne. Muhammadu Bello, tun bai zama Sarkin Musulmi ba, sun yi musayar takardu masu zafi da Shehu Muhammadu Al-Kanemi na Barno bisa halaccin yaƙin jihadi. Kowa ya sa sunansa a maganarsa, Bello kuma ya kawo hujjar abokin gardamarsa tare da tasa amsar cikin littafinsa Infaƙul Maisuri na 1812. Shi ya sa har yau mai nazari ke iya zama ya auna su biyun.

Da boko ya zo, wannan tsari bai rushe ba. An fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin Janairu 1939, Abubakar Imam yana edita, masu karatu suna aiko wasiƙu daga garuruwa. Tsakanin mai wasiƙa da jama'a akwai edita, wanda in aka buga ƙarya shi za a fara kamawa. Cikin shekarun 1950 aka ɗaura yaƙi da jahilci a Jihar Arewa, hukumar NORLA ta Zariya ta yi ta buga littattafai da ƙananan jaridu na larduna har zuwa 1959. Ta lardin Sakkwato, wanda ƙasar Gwandu da ta Argungu ke ciki a lokacin, sunanta Zaruma. Rediyo ma, da Sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957, da gidan rediyon Kaduna na 1962, shirin da talakawa suka fi ƙauna shi ne na gaishe-gaishe, inda a ke faɗin mai gaisuwa da garinsa da waɗanda ya ke gaisarwa ɗaya bayan ɗaya. Kun ga ashe daga goro har rediyo abu ɗaya a ke kiyayewa: a san mai magana, a san wanda a ke yi wa, a sami wani a tsakani mai ɗaukar nauyi.

Abin yabo ga waya

Wayar hannu ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001. An ƙirƙiro WhatsApp a Amurka a 2009, aka ƙara masa saƙon murya a 2013. Wanda ya ce waɗannan abubuwa ba su kawo alheri ba bai yi adalci ba. Manomin shinkafa a fadama yana jin farashin kasuwar Jega kafin ya ɗora buhu a mota. Mai albasa a Aliero yana magana da dillalinsa na Kudu kullum. 'Yan'uwan da iyakar ƙasa ta raba, wani a Kamba, wani a Gaya ko Doso cikin Nijar, suna jin lafiyar juna safe da yamma. Da hukuma ta rufe layukan waya a Jihar Zamfara cikin Satumba 2021 sabo da 'yan bindiga, mutane sun yi ta doguwar tafiya zuwa inda layi ke kamawa don kawai su ji muryar nasu. Mutum ba ya shan wannan wahala domin abin banza.

Saƙon murya musamman ya cancanci yabo. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba yanzu tana danna waya ta yi wa ɗanta da ke Ikko faɗa da bakinta, ta sa masa albarka, ba mai karanta mata, ba mai rage mata magana. Har wa yau murya ta ceci harshen gida. Hausar littafi ta fi karkata ga ta Kano, Bakabe in zai rubuta sai ya aje "wanga" ya ɗauki "wannan", ya aje "yaz zo" ya ɗauki "ya zo". A saƙon murya kuwa "lahiya lau" ya ke cewa kamar yadda ya ji a bakin innarsa. Ta wannan fuska waya ta fi takarda kusa da ɗan aike, domin tana kai sautin mai magana, a ji ko da raha ya faɗa ko da fushi.

Inda zare ya fara tsinkewa

Saƙon rubutu kuwa sai a hankali. Abu na farko da ya faɗi shi ne gaisuwa. Yaro ya rubuta wa kawunsa "Slm ykk", haruffa shida, ya bi da bukatarsa ta kuɗin makaranta. Shi a ransa ya gaisar. Kawun kuwa da ya saba a durƙusa a tambaye shi kwana da gajiya da iyali da sanyi, gani ya ke an yi masa jifa da magana daga bayan danga. Doguwar gaisuwar Bahaushe tana da aiki. Cikinta ne mai magana ke nuna ya san matsayinsa, cikinta ne kuma ya ke gane ko yau ranar kawo bukata ce ko a bari sai gobe.

Abu na biyu shi ne ƙa'idar rubutu, wadda kuka sha wahalar koyo a aji. Masu waya da yawa ba su sa lanƙwasa a ƙ da ɗ da ɓ, ba su kuma raba kalmomi inda ya kamata. A duba wannan saƙo: "Ya bata kudin." Shin ya ba ta kuɗin ne, ko kuwa ya ɓata kuɗin? In kuɗin gado ne aka aika ta hannun wani ƙane ya kai wa gwaggo, ɗaya ma'anar amana ce ta isa, ɗayar kuwa cin amana. Haka "baki" da "baƙi", haka "kafa" da "ƙafa". Wayoyin zamani suna da waɗannan haruffa ga wanda ya nema. Barinsu kasala ce, kuma kasalar da ta isa ta haɗa 'yan'uwa faɗa.

Zaure ba bango

Gidan Bahaushe da bango-bango aka gina shi, maganarsa ma haka. Akwai ta zaure, akwai ta tsakar gida, akwai ta ɗaka. Suruki ya kan tuɓe takalmi ya gai da uban matarsa kansa a sunkuye. Matar ɗa ba ta kama sunan uban mijinta, uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari. Kaka kuwa ta ce wa jikanta "mijina", ya ce mata ta tsufa ya sake ta, kowa ya yi dariya. Taubasai su yi ta tsokanar juna, a karɓi kuɗin shara in shekara ta kewayo. Kowane mutum yana da murya da yawa, yana kuma zaɓen wadda ta dace da wanda ke gabansa.

Zauren iyali na WhatsApp ya tara duk waɗannan mutane wuri guda, ya ba kowa murya ɗaya. Wasan da ka yi wa taubashinka surukinka ya karanta. Abin da a kan gani daga nan iri biyu ne. Ko dai yara su saki baki manya su ji haushi su yi shiru, ko kuwa yaran su zame su buɗe nasu zauren a ɓoye, a bar na iyali ba kome cikinsa sai hoton furanni da barka da Juma'a. Ta kowace hanya hirar manya da yara, wadda don ita aka buɗe zauren, ba ta samu ba.

Amma fa a faɗi gaskiya, rushewar bangon nan ba duka ne hasara ba. Akwai kunyar da ta daɗe tana rufe zalunci. Ƙanwar da ba ta da bakin magana a taron maza, ko matar mamaci da ke cikin takaba, yau tana iya tambaya a gaban dangi duka ina aka kwana a maganar gonar marayu, kuma abin da ta faɗa yana nan a rubuce ba mai musunsa. Wanda ke kukan waya ta kashe kunya ya kamata ya bincika ko wace kunya ya ke nufi.

Inda waya ta yi babbar ɓarna a cikin gida shi ne wajen labari mai nauyi. Mutum ya cika a asibiti da hantsi, kafin azahar hotonsa ya zaga gari da addu'a a ƙarƙashi, uwarsa tana ƙauye ba wanda ya je ya zauna kusa da ita tukuna. Masu turawa suna ganin ladan sanarwa su ke nema, alhali sun ƙwace aikin da dattawa ke yi da dabara. Haka miji ya yi fushi da dare ya rubuta saki ya danna, abin da in da sai ya nemi takarda da wanda zai kai, da kafin gari ya waye zuciya ta huce. Nawar da muka kira aibin ɗan aike, a irin wannan wuri rahama ce.

Tsakanin kabila da kabila

Jihar Kebbi, wadda aka yanke daga ta Sakkwato a 1991, masarautu 4 gare ta: Gwandu, Argungu, Yawuri da Zuru. Cikinta akwai Kabawa da Fulani da Zabarmawa da Arawa da Dandawa da Kambari da Gungawa, da mutanen Zuru waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, su kuwa su ke kiran kansu Lelna. Zaman irin wannan taro sai da dabara. Bakaben da ke ciniki a Kamba ya san ya ce wa Bazabarme "fofo" kafin a shiga taya kaya, kalma ɗaya tak, amma tana buɗe fuska.

Babbar dabarar magabata ita ce wasan barkwanci tsakanin kabilu, kamar na Fulani da Barebari, da na Gobirawa da Yarabawa, da na Katsinawa da Nufawa, da na Kanawa da Zazzagawa. Wannan wasa yana da sharuɗɗa. Su biyun sun san akwai wasa tsakaninsu, ido da ido a ke yi, ba a fushi, kuma wanda ka tsokana yau in ya shiga wahala a garinku kai ne mai tsaya masa. Watau izinin zagi da nauyin taimako tare su ke tafiya.

A Facebook da TikTok an ɗauki izinin an bar nauyin. Yaro ya yi bidiyo yana kwaikwayon Hausar wata kabila, dubban mutane su kalla, cikinsu akwai waɗanda ba su taɓa jin akwai wasa tsakani ba, akwai kuma kabilun da ba wasan kome tsakaninsu da mai yin. Abin da ya ke raha a inuwar kasuwa, in ya isa allon baƙo ya zama cin mutunci. Sai a mayar da martani, wani ya jawo addini ciki, kafin a ankara maganar ta fi ƙarfin waɗanda suka fara ta. Mai yin irin wannan ba shi da hujjar cewa al'ada ya bi, domin al'adar ba ta yarda ka yi wasa da wanda ba za ka iya kai wa ɗauki ba.

Saƙon da ba shi da uba

Mafi hatsari duka shi ne saƙon da a ke turawa daga hannu zuwa hannu. A watan Yuli 2014 cutar Ebola ta shigo Ikko. Cikin Agusta sai wani saƙo ya game Kudu da Arewa a dare ɗaya, wai a yi wanka da ruwan zafi da gishiri kafin asuba, a kuma sha, shi ne kariya. Mutane suka yi ta tashin 'yan'uwansu daga barci. Jaridu sun ba da labarin mutum 2 aƙalla sun rasu sabo da shan gishirin, waɗansu da dama an kwantar da su asibiti. Cutar kanta ba ta ko iso ƙasar Kabi ba, kuma ran 20 ga Oktoba na wannan shekara Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Nijeriya ta rabu da ita.

Me ya sa masu hankali suka gaskata? Domin ba daga baƙo suka ji ba. Kowa daga yayarsa ya ji, ko daga gwaggonsa, ko amininsa. A nan dabarar saƙon turawa ta ke. Wanda ya ƙaga shi ba a san shi ba, amma duk hannun da ya bi sai ya ari rigar mai hannun ya sa. Kai da ka tura ka ba shi mutuncinka kyauta, alhali in an tambaye ka wa ya aiko ka ba ka da amsa. Masu WhatsApp da kansu sun ga wannan aibi. A 2018 suka fara sa alama bisa saƙon da aka turo, a 2019 suka hana tura saƙo ɗaya wuri fiye da 5 a lokaci guda. Wannan ya rage gudu, amma alama ba ta tambaya a madadinka.

Kada kuwa a ce waya ta haifi jita-jita. A 2003, wayar tana jaririya, jita-jita ta sa aka tsai da rigakafin shan inna a Kano har tsakiyar 2004, cutar ta sake bazuwa. Abin lura shi ne yadda aka yi maganin abin. Cikin manyan dabarun da suka ci akwai kwamitin sarakunan Arewa na kiwon lafiya da aka kafa a 2009 bisa jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, wanda Sarkin Kabin Argungu Sama'ila Muhammadu Mera ya yi aiki cikinsa, daga baya ma ya shugabance shi. Magana ta bi ta hakimi da dagaci da mai unguwa har ƙofar gida, daga bakin wanda aka sani. A 2020 aka shaida Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Ƙaryar da ba ta da uba, da gaskiya mai uba aka kore ta.

Abin da Argungu ta koyar

Mutanen wannan kwari ba su bukatar a je nesa a samo musu misali. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi. Sarautar Kabawa ta koma Argungu daga baya, aka yi ta gwabzawa tsakaninsu da Sakkwato da Gwandu shekara da shekaru. Yakubu Nabame ya ta da yaƙin a 1849. An taɓa yin sulhu zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga, wanda a ke kira Lafiyar Toga, amma bai ɗore ba. Ko da Turawa suka zo aka aje makamai, zukata ba su kwanta ba.

Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya taka da kansa ya zo Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarye shi, aka shirya masa babban su don girmamawa. Daga wannan ziyara bikin kamun kifi na Argungu ya samo siffar da duniya ta san shi da ita, wanda a ke yi a Matan Fada, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gadon 'yan Adam a 2016. A lokacin akwai takarda, akwai gidan waya, Sarkin Musulmi yana da manzanni ba iyaka. Amma gabar shekara 129 ba ta takarda ba ce. Akwai saƙon da ba mai iya ɗaukarsa sai mai shi, abin da Hausawa ke nufi ke nan da su ke cewa zumunta a ƙafa ta ke. Yau daga Gesse zuwa Argungu tafiyar kamar sa'a guda ce a mota, amma sai ka ga ɗan'uwa ya yi wa ɗan'uwa ta'aziyyar uba da saƙon rabin minti, ya ɗauka ya sauke nauyi.

Hukunci

In muka tara abin da muka gani, waya ta fi ɗan aike sauri, ta fi takarda kai murya, ta kuma ba marar ƙarfi bakin magana. Abin da ta rasa shi ne mutumin nan na tsakani, mai zaɓen lokaci, mai tausasa lafazi, mai amsa tambaya in an tambaya. Injin ba zai yi wannan aiki ba, masu ƙera shi ma ba su san surukinka ba. Sabo da haka aikin ya komo kan mai riƙe da waya. Kai ne mai aike, kai ne ɗan aike, kai ne edita.

Ku da kuka iya karatu, a gidaje da yawa ku a ke miƙa wa waya a ce, "Duba mini abin da aka ce." Wannan muƙami ne irin na jaji, ku riƙe shi da nauyinsa. In za ku rubuta wa babba, ku gaishe shi cikakkiyar gaisuwa, ku sa lanƙwasa inda ta ke, ku sake karantawa kafin ku danna. Labarin rasuwa kada ya fita daga hannunku sai kun tabbata na kusa sun ji daga bakin mutum. Maganar da fushi ya rubuta da dare a bar ta ta kwana. Wasan kabila a yi shi da abokin wasa, inda zai iya ramawa ku yi dariya tare. Ta'aziyya da biko da neman gafara kuwa, muddin ƙafa na iya zuwa, a je. In kuma saƙo ya iso muku da alamar turawa, yana cewa a yi maza a watsa, ku tsai da shi a bakin ƙofa kamar yadda kakanninku ke yi, ku tambaye shi wanda ya aiko shi. In ya kasa faɗi, kada ku ba shi masauki, balle ku raka shi gidan maƙwabci. Allah ya sa karatun da muka samu ya zama sanadin ƙarin zumunci tsakaninmu, amin.